Bayan Auta

Matakalar benen gidan taki goma sha bakwai ce, da lanƙwasa ɗaya a tsakiya. Duk Litinin da Alhamis Auta yakan sauko ta da Baba goye a bayansa, in sun dawo daga asibiti ya sake hawa da shi. Sauran ranakun kuwa ɗagawa ce: daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, daga banɗaki a koma gado. Wata goma sha huɗu ke nan tun da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye.

Baba ba ƙaramin mutum ba ne. Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota, kuma ciwon bai rage masa jiki ba. Auta kuwa dogo ne siriri, shekararsa ashirin da shida, ya gama karatu yana jiran aiki. Jiran nan shi ne laifinsa. Ranar da aka sallamo Baba, Yaya Babba ya dubi mutanen gidan ya ce, "To, ai ga Auta, shi ba ya zuwa ko'ina." Daga nan ba wanda ya sake tayar da maganar.

Da farko tsami ne kawai yake ji a ƙugu in ya tashi da safe. Sai ya miƙe, ya ɗan murza wurin, ya wuce. Daga baya gwiwarsa ta hagu ta fara ƙara in yana saukowa da Baba, wani ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen kara. Wata safiya ya sunkuya zai ciccibi Baba daga gado, ya ji abu ya tsarga masa daga ƙugu har cinya kamar an zura masa waya mai zafi. Ya dafa bango ya tsaya.

Mama tana ninke zanin gado ta ce, "Lafiya?"

"Bayana ne, Mama. Kwana biyu yana damuna."

Ta yi dariya. "Kai har ka yi bayan da zai yi ciwo? Bari mu tsofaffi mu yi wannan kukan. Kwanciyar banza ce ka yi. Ɗauke shi, ruwan wankan yana hucewa."

Ya ɗauke shi.

Da yamma ya je wurin mai kemis na bakin titi. Mutumin bai tambaye shi komai ba, ya ɓalle masa ƙwayoyi kala biyu da man zafi. Maganin ya yi aiki: in ya sha, ciwon yakan kwanta na wasu awoyi, ya yi ɗagawarsa kamar lafiya lau. In maganin ya sake shi kuma, ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na jiya. Daga ƙwaya ɗaya ya koma biyu, daga biyu ya koma huɗu. Cikinsa ya fara zafi kamar ya haɗiyi garwashi.

Likitar da take gasa wa Baba jiki tana motsa masa gaɓoɓi a asibiti ce ta fara lura. Wata Alhamis, bayan ta gama da Baba, ta ce, "Kai, ɗan Baba, zo nan. Yi tafiya zuwa ƙofa ka dawo."

Ya yi.

"Tun yaushe kake karkata haka?"

"Ni lafiyata ƙalau, likita."

"Ban tambaye ka lafiyarka ba. Hau gadon nan."

Ta ɗaga masa ƙafar hagu a miƙe. Ba ta kai rabi ba ya damƙe bakin gadon. Ta danna gefen gwiwar, ta ga kumburi. Ta tambaye shi yadda yake ɗaukar Baba, sau nawa a rana, shi da wa. Da ya ce shi kaɗai, kuma daga bene, sai ta ajiye biro.

"Saurara. Tsakanin ƙasusuwan bayanka akwai wasu faya-fayai masu taushi, su ne matashin ƙashi. In mutum yana sunkuyawa da ƙugu ya ɗaga nauyi yana juyawa, kullum, sai ɗaya ya bultso ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Abin da nake zargi ke nan. Gwiwar kuma guringuntsinta ne yake cinyewa, nauyin mutum biyu take ɗauka a kan matakala. Ƙwayoyin da kake sha ba warkarwa suke yi ba, bakin ciwon suke toshewa, suna kuma ci maka ciki da ƙoda."

"To mene ne maganin?"

"A yanzu mai sauƙi ne. Ka daina ɗaukarsa kai kaɗai. A dawo da shi ɗakin ƙasa, a sa shi a keken marasa lafiya. In za a ɗaga shi, mutum biyu, a durƙusa da gwiwa, baya a miƙe. Zan koya maka motsa jikin da zai ƙarfafa maka ciki da cinya, ka riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi. Wata biyu zuwa uku za ka manta da shi. Amma in ka fara jin ƙafar tana mutuwa, ko fitsari ya rikice maka, kar ka kwana a gida."

Ta rubuta duk wannan a takarda da manyan baƙaƙe, ta ce ya kai wa babban gidan.

Akwai ɗaki a ƙasa, babba, da banɗakinsa a ciki. Yaya Babba tayal yake sayarwa da kayan banɗaki, shagonsa yana jikin gidan, ɗakin nan kuma ya mayar da shi sito. Auta ya same shi a ƙofar ɗakin, mota ta kawo kaya, lebura biyu suna saukewa.

"Kai! Ku kama ku biyu!" Yaya Babba yake daka musu tsawa. "Wa ya ce mutum ɗaya ya ɗauki wannan kwalin? Ku fasa min ku gani!"

Auta ya jira har ya juyo, ya miƙa masa takardar da hannu biyu. Yaya ya karanta a tsaye, ya ninke ta, ya sa a aljihu.

"Yanzu ina kake so in kai kayan nan? Titi?"

"Ko rabin ɗakin ne, Yaya. Gado ɗaya ne da kujera."

"Ka san Baba ba zai yarda ya bar ɗakinsa ba."

"Na tambaye shi. Ya ce yana so."

"Baba da maganarsa ba ta fita, kai kaɗai kake jin abin da yake cewa." Ya gyara tsayuwa. "Auta, su likitocin nan in ka biye musu, ko cokali ba za ka ɗaga ba. Kowa da abin da yake yi wa Baba. Ni nake fita nema, ni nake sayen magani. Kai kuma Allah ya ba ka ƙarfi da lokaci. Lada kake kwasa, mu ma muna sha'awarka."

"To ka riƙa kama min saukowa, Litinin da Alhamis kawai."

"Ni? Ka manta ina da hawan jini? Bari kayan nan su ragu, za mu duba."

Kayan ba su ragu ba. Kafin wata ya ƙare wata motar ta zo.

Auta ya kira yayarsa mace, wadda kowa yake ce wa Malama don koyarwa take yi, tana aure a wata unguwa. Ta saurare shi har ya gama, ta ja dogon numfashi.

"Wallahi Auta ka ba ni tausayi. Da ni namiji ce da ba ka wahala haka ba. Amma ka san Yaya, in na sa baki cewa zai yi ina raba kan gida. Ka yi haƙuri, albarkar iyaye kake nema. Zan aiko maka da wani mai, wata abokiyar aikina ta ce yana yi sosai."

Man ya zo. Ƙamshinsa mai daɗi.

Auta ya gwada motsa jikin da aka koya masa. Yakan kwanta a tabarmarsa a gefen gadon Baba ya fara, kafin ya ƙirga goma an kira shi. Matar Yaya ta taɓa leƙowa ta gan shi kwance yana ɗaga ƙafa, ta sauka tana ba da labari: Auta ya zama ɗan wasan motsa jiki, Baba na can yana jira. Aka yi ta dariya a tsakar gida.

Mutum ɗaya ne a gidan ya san gaskiyar ciwon, shi ne wanda ake goyawa. Kunnen Baba yana daidai wuyan Auta a kan matakala, yana jin yadda numfashinsa yake yankewa, yana jin rawar da ƙafar take yi a kowane taki. Wata rana a lanƙwasar benen ya ce da harshensa mai nauyi, "Sau... ke ni."

"Mun kusa, Baba."

Bayan haka Auta ya lura kofin ruwan Baba ba ya raguwa. Shayin safe ma sai ya kurɓa sau biyu ya kau da kai. Leɓunansa suka fara bushewa.

"Baba, me ya sa ba ka shan ruwa?"

Tsohon ya dubi ƙofar banɗaki, ya dubi bayan ɗansa, ya rufe ido.

Auta ya fita baranda ya daɗe a tsaye. Da ya dawo ya tallafi kan Baba ya ce, "Wallahi in ba ka sha ba ni ma ba zan ci abinci ba." Baba ya sha, hawaye yana gangarowa ta ɓarin fuskar da ba ya motsi.

Cikin wannan hali saƙo ya shigo wayarsa. Hukumar kashe gobara, inda ya ci jarrabawar rubutu tun bara, ta kira shi gwajin ƙarfi ranar Asabar. Ya gaya wa Mama, ya gaya wa Yaya Babba, ya roƙe shi ya hau ya duba Baba ko sau biyu ne. Yaya ya ce, "Je ka, ba komai. Allah ya ba da sa'a."

Ya sha ƙwaya huɗu, ya ɗaure gwiwar da bandeji. Filin cike yake da samari sa'o'insa. Zagaye huɗu aka ce su yi. Na farko ya yi shi da cije baki. A na biyu gwiwar ta lanƙwashe ba da izininsa ba, ya kifa a ƙasa. Ya tashi, ya yi taku biyar, ya sake zubewa. Jami'in da ke riƙe da takarda ya zo kansa.

"Saurayi da kai, jiki kamar na kakana? Mu mutane muke ɗaukowa daga bene, ka taɓa ɗaukar ko buhu? Fita gefe."

Auta ya ja ƙafa ya fita.

Bayan la'asar ya iso gida. Yaya Babba yana ƙofar shago da abokansa suna hira. Tun daga matakala wari ya tare shi. Mama tana zaune a bakin ƙofa ta rafka tagumi.

"Sai yanzu? Ubanka ya ɓaci tun hantsi, ni ba iya juya shi zan yi ba."

"Yaya bai hau ba?"

"Ya hau, ya ce zuciyarsa ba za ta iya gani ba. Ka san shi da tausayi. Yi sauri."

Ba wanda ya tambaye shi yadda gwajin ya kasance. Ya cire rigarsa ya sunkuya.

Sati uku bayan haka yatsun ƙafarsa ta hagu suka fara mutuwa. Takalmi yakan zame masa bai sani ba. Ya tuna gargaɗin likita, ya gaya wa Mama.

"Sanyi ne," ta ce. "Bari a kai Baba gobe, sai ka nuna musu."

Washegari Alhamis. Ya goyi Baba kamar kullum. Taki takwas lafiya. A lanƙwasa ya ɗaga ƙafar hagu, ba ta ɗagu ba. Yatsun suka kama bakin matakala. Ya ga za su tafi da ka su biyu, sai ya juya ya rungumi ƙarfen gefe, ya zube a kan gwiwoyinsa, nauyin Baba duka ya sauka masa a ƙugu. Wani abu ya ba da sauti a bayansa. Ihun da ya yi har masu shagunan titi sun ji.

Gidan ya cika. Mama tana salati, matar Yaya tana kuka, Yaya Babba yana cewa, "Baba! Baba bai ji ciwo ba? Ku duba kansa!" Ya ƙwala wa leburorinsa kira, suka ɗauke Baba su biyu, a hankali, suka kai shi mota. Baba yana ta nuna matakala da hannunsa mai lafiya yana wani sauti, aka ce ruɗewa ce.

Auta yana nan a lanƙwashe inda ya faɗi. Yaya Babba ya dawo ɗaukar katin asibiti, ya tsallake ƙafarsa.

"Ka ga irin gangancinka? Da ka kashe mana uba. Tashi mana."

"Ba zan iya ba, Yaya."

Leburorin ne suka dawo don kansu suka sauko da shi.

Hoton da aka ɗauka ya nuna faifan ya fashe, ya danne jijiya. Aka yi masa aiki bayan kwana biyu. Likitan da ya yi aikin ya ce zugin zai ragu, amma jijiyar ta daɗe a danne, ƙafar tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa duka. Gwiwar kuma sai lallaɓawa. Likitar da ta rubuta takardar ta zo duba shi, ta tsaya a ƙarshen gadon.

"Ka kai musu?"

"Na kai."

Ta jinjina kai, ta fita.

A ranar da Auta ya faɗi, kafin magariba, an kwashe tayal daga ɗakin ƙasa tas. Ashe maƙwabci yana da sito a rufe tun bara, magana ɗaya aka yi masa. Aka share, aka sa gado, aka sayo keke. Aka ɗauko mai jinya, wani ƙaƙƙarfan mutum, shi ma ya ce ba ya ɗaga majinyaci shi kaɗai, sai aka ce lebura ɗaya ya riƙa kama masa. 'Yan dubiya suna shiga suna fita suna sa albarka: kai, wannan babban ɗa ya yi, ɗaki guda ya ba mahaifinsa, ya hana kansa wurin ajiyar kaya.

Auta ya yi wata huɗu yana koyon tafiya. Ya fara da ƙarfe mai ƙafa huɗu, ya koma sanda. Ƙafar hagu ba ta dawo duka ba, in yana tafiya sai ya ɗaga gwiwa sama ya jefa ta, tana faɗuwa ɗaf. Kullum da hantsi yakan shiga wurin Baba ya zauna, ya ba shi ruwa, ya yanke masa farce.

Wata Lahadi aka kira shi falo. Mama tana nan, da Yaya Babba, da Malama da ta zo yini.

Yaya ya ce, "Alhamdu lillahi, jiki ya yi kyau. Har ƙiba ka yi."

"Da sauƙi."

"To, mai jinyar nan zai bar aiki ƙarshen wata. Mun duba mun ga ba sai an kawo wani ba. Baƙo baƙo ne, ba zai yi wa Baba kamar ɗansa ba. Yanzu kuma ba bene, ɗan ɗagawa ne daga gado zuwa keke."

Malama ta ce, "Kuma Baba ya fi sakewa da kai, kowa ya sani."

Auta ya dubi sandarsa. "Likita ya ce kar in ɗaga abin da ya fi bokitin ruwa."

"Su dai likitoci," in ji Yaya.

"Zan ba shi abinci. Zan zauna da shi, in yi masa aski, in wanke masa kaya a zaune. Amma ba zan ƙara ɗaga shi ba."

Mama ta dafe ƙirji.

"Auta, mahaifinka ne fa."

"Na sani, Mama. Shi ma Yaya mahaifinsa ne."

Yaya Babba ya miƙe. "Ni kake gaya wa magana? Duk abin da aka yi maka a asibiti?"

"Ba magana na gaya maka ba, Yaya. Hannu biyu gare ka, baya lafiyayye. Zo in koya maka yadda ake yi, ba wuya. Da gwiwa ake durƙusawa."

Mama ta fashe da kuka tana cewa ba ta taɓa zaton za ta ga ranar nan ba. Malama ta rungume ta tana harararsa. Yaya ya fita ya buga ƙofa. Kafin sati ya zagayo an samo wani mai jinyar.

Labarin bai tsaya a falo ba. Ya fita ta bakin matar Yaya, ya bi shaguna, ya shiga gidajen dangi, yana tafiya yana sauya kama. Wata goma sha huɗu da sauran watannin da suka biyo baya suka ɓace daga cikinsa. Abin da ya rage gajere ne, mai sauƙin maimaitawa: yaron nan ya kayar da ubansa a bene, da aka ce ya ci gaba da jinya ya ce ba shi kaɗai uban ya haifa ba. Wata gwaggo ta kira shi ta yi masa wa'azin awa guda a kan haƙƙin iyaye. Wani kawu ya daina amsa gaisuwarsa. Baba kaɗai yake da wani labarin daban, shi kuma ba a jin maganarsa.

Yanzu duk Talata Auta yakan fita shi kaɗai zuwa asibiti a gasa masa ƙafa. Sai ya bi ta gaban shagon tayal, inda Yaya Babba da abokansa suke zaune a kan benci. Yakan yi musu sallama, wasu su amsa, wasu su dubi waya. Ranar nan yana wucewa, sanda na gaba ƙafa na biye, wani dattijo da ya zo sayen kaya ya bi shi da kallo ya ce, "Wannan yaro ƙarami, me ya same shi haka?"

Yaya Babba ya girgiza kai cikin jimami.

"Ƙanena ne. Yaran yanzu ne, Alhaji, ba su da ƙwari. Mun yi iya ƙoƙarinmu a kansa."

Auta ya ji. Bai juyo ba, don juyawa ma ciwo take yi masa. Ya tsaya a bakin titi yana jiran motoci su ragu, saboda shi yanzu ba ya tsallakawa da gudu.